Motar da ke kwana a durƙushe: kada a fara da sayen kwampreso

Assalamu alaikum Alhaji. Ka ce Mercedes GL450 ɗinka ƙirar 2010, tokumbo daga Amurka, tana wayar gari bayanta na hagu ya zauna, sai an tayar da inji ta miƙe, kuma bakanike ya ce ka sayo sabon kwampreso. Na daɗe ina harka da motoci masu tafiya a kan iska a nan Legas, kuma shawarata ita ce ka dakata da wannan sayayya tukuna.

Tsarin da Mercedes ke kira Airmatic, wanda ya fara fitowa a S-Class ta 1998, balan-balan ne na roba mai kauri a kowace ƙafa maimakon sifirin na ƙarfe. Kwampreso ke hura su ta siraran tiyo, na'urar auna tsayi kuma tana sanar da kwamfuta inda motar ta tsaya. Tunda motarka tana miƙewa idan an kunna ta, kwampreson yana aiki. Kusurwa ɗaya da ke sauka cikin dare alama ce ta yoyon iska, galibi a inda robar ke naɗewa, domin nan ne take tsattsagewa idan ta tsufa, wani lokaci kuma a mahaɗar tiyo ko a akwatin bawul, mai raba iska zuwa kowace ƙafa. A ɗaga motar zuwa tsayinta na ƙarshe, a fesa ruwan sabulu a wuraren nan, kumfa zai nuna ɓarakar.

Abin da ke kashe kwampreso shi ne wannan yoyon, saboda an ƙera shi ya yi aiki na ɗan lokaci ya huta, amma idan iska na zurarewa sai ya yi ta hurawa a cikin gosulon Apapa zuwa Oshodi har ya yi zafi ya ƙone, don haka wanda ya sa sabo bai toshe yoyon ba ya zuba ruwa ne a kwando. Idan ma kwampreson ya riga ya gaji, a canza shi tare da rilensa, wato makunnin lantarki da ke kunna shi da kashe shi, domin rile da ya maƙale yana hana shi tsayawa. Yanayinmu ma ba ya taimakawa. Iskar Legas cike take da danshi, a jikin GL kuwa kwampreson yana can ƙasa bayan bambar gaba, saboda haka kutsawa cikin ambaliyar Lekki da damina ganganci ne.

Batun tsaro ya fi batun kuɗi nauyi. Motar da ta zauna gaba ɗaya ba ta da abin da zai shanye girgiza, taya na iya gogar jiki, fitilun gaba su karkace, kuma riƙonta a kwana ko lokacin taka birki da ƙarfi ya canza. Kada a hau gadar Third Mainland da ita a wannan hali. A gareji kuma, kada a bar yaron shago ya shiga ƙarƙashinta sai an kafa ta a kan matokarai na ƙarfe, domin da zarar an kwance tiyo iska ta fita, mota mai nauyin fiye da tan 2 za ta sauko a kansa.

Wajen saye, a canza balan-balan na baya biyun tare, tunda sa'annin juna ne. Na hannu da ake samu a kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo sun fi araha, sai dai robarsu ma ta sha shekaru, kuma ni na fi natsuwa da sabo ko da ba na kamfanin ba ne. Akwai masu cire tsarin dungurungum su sa sifirin na ƙarfe. Hakan yana kawo ƙarshen yoyo, amma motar ta daina daidaita kanta idan an yi mata lodi, kuma gargaɗin da ke allon direba ba zai ɗauke ba sai an yi wa kwamfutar dabara. Idan kana yawan ɗaukar iyali da kaya zuwa Kano, ban ba ka wannan shawarar ba. Bayan gyara, a tabbata mai kwamfuta ya share kurakuran da ta adana, ya kuma daidaita tsayin ƙafafu huɗun a kan shimfiɗaɗɗen wuri.