Dabarar wuce jan aljanin Ghosts 'n Goblins

Ɗan'uwa, ka ce jan aljanin nan mai fukafukai na matakin farko a wasan bidiyo na Ghosts 'n Goblins ya hana ka sakat, ko akwai dabara. Akwai. Red Arremer ke nan, tun 1985 da kamfanin Capcom ya fitar da wasan yake ba mutane wuya.

Da farko nemi wuƙa ka riƙe, ta fi mashi sauri. Bakin wuta kuwa, in ka gan shi a ƙasa tsallake shi, don in ka jefa shi a gabanka yake faɗuwa. Aljanin a zaune za ka tarar da shi, ka fara jifansa daga nesa tun bai tashi ba. In ya yi sama kada ka bi shi da tsalle, domin Arthur, jarumin da kake wasa da shi, in ya daka tsalle ba ya iya sauya hanya. Ja baya, jira ya sauko, sannan ka jefe shi. Bugu biyu ne iyakarka: na farko ya tuɓe maka sulke ya bar ka da gajeren wando, na biyu ka zube ƙasusuwa.

Ka shirya fa, sai ka gama wasan sau biyu za a nuna maka ainihin ƙarshensa.