Amsa ga mai tambaya kan hana 'yan jarida labarin fagen daga

Malam, ka tambaya ko daidai ne gwamnati ta rufe bakin 'yan jarida a lokacin yaƙi don kare rayukan sojoji. Na yi shekaru a ɗakin labarai ina bin harkokin soja, don haka bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

Wata rana da tsakar dare wani ƙaramin soja ya kira ni, muryarsa na rawa. Ya ce da asuba za su tashi, ya faɗi hanyar da za su bi da yawan motocinsu. Sannan ya ce harsasan da aka raba musu ba za su kai su ko'ina ba, kuma wata da watanni ba a biya su alawus ba. Da na ajiye waya sai na ga labari biyu ne a hannuna. Na farko, wato hanya da lokaci da yawan motoci, ni da editana ba mu ko yi gardama a kansa ba, muka binne shi. Da mun buga, da mun miƙa wa abokan gaba wuyan yaran nan. Na biyu muka jira har suka dawo, muka tabbatar da shi daga bakin wasu mutum uku, muka buga. Washegari kakakin rundunar ya kira yana faɗa, wai mun karya wa dakaru gwiwa, mun taɓa tsaron ƙasa. To wane sirri muka tona? Abokan gaba sun riga sun san harsasan ba su isa ba, tunda su ne suke jin ƙarar bindiga ta ɗauke. Jama'ar da ke biyan haraji da iyayen yaran ne kaɗai ba su sani ba.

Ban ce jarida ba ta iya jawo asarar rai ba. Tana iyawa, kuma wanda ya musa bai san aikin ba. A 1982, lokacin yaƙin tsibiran Falklands tsakanin Birtaniya da Ajantina, BBC ta sanar wa duniya cewa sojojin laima na Birtaniya sun kusa Goose Green, wani ƙauye da sojojin Ajantina ke riƙe da shi, tun kafin su kai harin, su kansu suna jin labarin a rediyo. Kwamandansu, Laftanar Kanar H. Jones, ya fusata ƙwarai, kuma a wannan gumurzun aka kashe shi. A 2003 Geraldo Rivera na Fox News, yana tare da sojojin Amurka a Iraƙi, ya zana taswira a kan yashi gaban kyamara yana nuna inda suke, dole ya bar rundunar. A harin Mumbai na 2008 kuwa, masu juya maharan daga nesa suna kallon talabijin kai tsaye suna gaya musu motsin jami'an tsaro ta waya. Duk waɗannan ganganci ne, kuma ba zan kare su da sunan 'yanci ba.

Amma dubi ɗaya gefen, wanda manyan masu kaki ba sa son a tuna. A yaƙin Kirimiya, a 1854, William Howard Russell na jaridar The Times ya rubuta yadda sojojin Birtaniya ke mutuwa da sanyi da kwalara da rashin kulawa. Manyan hafsoshi sun tsane shi. Amma rahotannin da jaridar ta riƙa bugawa su suka tayar da hankalin jama'a, aka tura Florence Nightingale da ma'aikatan jinya, gwamnatin ma ta faɗi a farkon 1855. Wa ya fi kare ƙaramin soja a nan, mai rubutun ko mai son a yi shiru? Haka a 2004, wani sojan Amurka mai suna Pat Tillman ya mutu a Afganistan da harsashin 'yan'uwansa sojoji, amma aka shafe makonni ana gaya wa iyalinsa cewa abokan gaba ne. Wannan ɓoyon bai ceci ran kowa ba.

Shi ya sa duk lokacin da jami'i ya ce min kada in buga, nakan tambaye shi: har zuwa yaushe? Wanda da gaske yake tsoron a kashe masa yara yana da amsa, zai ce ka bari sai jibi, sai sun isa, sai an kwaso masu rauni, sai an sanar da iyalan waɗanda suka rasu. Irin wannan ban taɓa ƙi ba, ko da wata jarida za ta riga ni. Wanda ya kasa faɗin rana, yana ta maimaita tsaron ƙasa, shi ne nake sake bincikar labarin da ya hana.

Wani abu kuma da tambayarka ba ta taɓo ba: yau yawancin sirrin da ke fita ba daga ɗakin labarai yake fita ba. Soja ne da wayarsa, ko mai wucewa da ya ɗauki jerin motoci ya saka a Facebook, hoton na nuna wurin. Ɗan jarida yana da edita da zai ce masa dakata, su kuwa ba su da kowa. Idan ka rufe jarida, waɗannan hotunan za su ci gaba da yawo, sai dai babu sauran wanda zai tambayi ina kuɗin harsasan suka shiga.