Ko da gaske ana iya ƙara makin JAMB a cikin kwamfuta?

Tambaya: Malam, 'yata za ta zauna JAMB bana, kuma ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba, makarantarsu ko wuta babu. Wani mai shagon intanet ya ce in kawo kuɗi, yana da yaro a ciki da zai ƙara mata maki. Hankalina ya kasa kwanciya. Me zan yi? Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Maganar kwamfuta mai sauƙi ce. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma an tsara ta ne yadda yaro zai amsa da maɓallai kaɗan: A zuwa D don zaɓen amsa, N a wuce gaba, P a koma baya, S a miƙa. Tambaya 180 ce cikin awa biyu. Abin da ke cin yara shi ne tsoro da lokaci.

Amma mai shagon nan, don Allah kada ki ba shi ko sisi. Kullum sai na ji wannan zance, har na gaji da maimaita shi: babu wani yaro a ciki. Ana gama jarrabawa amsoshin suke tafiya rumbun hukumar, mai shago a bakin kasuwa ba shi da hanyar zuwa can. Abin da zai yi shi ne ya buga muku takarda mai kyau da tambari da hoton yarinya, ya ɗora maki 280. Ku yi murna, ku raba goro. Ranar neman gurbi jami'a ba takardarku take dubawa ba, manhajar CAPS take buɗewa, wadda ake ba da gurbi ta cikinta tun 2017, sai makin gaskiya ya fito. A lokacin mai shagon ya kashe waya. A 2023 an kama wata ɗaliba a Anambra da sakamakon bogi na 362 alhali 249 ta samu, aka hana ta jarrabawar shekara uku. Yarinya ce ke ɗaukar hukuncin, mai shago yana nan yana neman wata uwar.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Zai karɓi lambar NIN ɗinta, ya ce bari ya yi rajista da layinsa. Da wannan layin ake tura saƙo zuwa 55019 a karɓi lambar profile code da ake rajista da ita, da shi ake duba sakamako. Kin miƙa masa wuyan 'yarki ke nan, duk abin da kuke so sai kun biya shi. Layin ya zama nata, kuma kada ya ɓata.

Ina jin takaicin yadda ake shelar mayar da WAEC da NECO kwamfuta alhali akwai makarantun gwamnati da kwamfutocinsu ke cikin kwali a ofishin firinsifal, ana jiran janareta. Wannan gibin ne 'yan damfara suke ci a ciki.

Kuɗin da kika tanada, ki kai ta cibiyar da hukumar ta amince da ita ta yi atisaye na mako biyu ko uku, da agogo a gabanta. Ki kuma yi mata rajistar jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa kafin ta gaske. Allah ya ba ta sa'a.