Ji Nake Kowa Ya Fi Ni

Tambaya: Anti, ni ɗalibi ne a Tawa, in na je fada, wurin hirar samari, sai in kasa magana, ji nake kowa ya fi ni har na daina fita. Ciwo ne?

Amsa: Ƙanena ba ciwo ba ne wallahi. Likita Alfred Adler ɗan Ostiriya, wanda ya raba gari da Freud, shahararren masanin halayyar ɗan Adam, a 1911, ya ce kowa da jin kasawa yake tashi tunda yaro ƙarami ne cikin manya, shi ke sa mutum zage damtse. Sai dai in ya yi yawa wani ya ɓuya a ɗaki wani ya koma cika baki, tushensu ɗaya. Maganin a wurin Adler kula da jama'a ne, to ka koma fadar ka karɓi dafa shayin, ka taimaki ƙannen unguwa da darasin lakwal. In jin kasawar ya hana ka barci ka ga likita.