Tambaya da Amsa: Wane Batir Ya Dace da Injin Ɗaga Kaya?

Tambaya: Injin ɗaga kaya mai amfani da lantarki da ke sitonmu yana aiki dare da rana, amma batirinsa kan mutu kafin a tashi aiki. Shin mu koma batirin litiyam ne?

Amsa: Malam, idan batirin dalma da asid kuke amfani da shi, yakan yi aikin kusan awa 8, ya ɗauki caji na awa 8, sannan ya buƙaci wasu awa 8 domin ya huce, saboda haka guda ɗaya ba zai iya riƙe aikin dare da rana ba sai an tanadi na canji. Yana kuma buƙatar tataccen ruwa bayan caji, da ɗaki mai iska saboda iskar haidurojin da yake fitarwa, kuma barin cajinsa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 yana rage masa kwana.

A ganina litiyam ya fi dacewa da ku duk da tsadarsa, domin yana cika cikin awa 1 zuwa 3, kuma ana iya jona shi lokacin hutun ma'aikata.

Sai dai ina roƙonka ka kula da nauyi, domin batirin ne ke danne bayan injin idan an ɗaga kaya sama. Litiyam bai kai dalma nauyi ba, don haka a duba mafi ƙarancin nauyin batir da aka rubuta a farantin jikin injin, a cike giɓin da ƙarfe kafin a fara aiki.