"Haihuwa maganin mutuwa": amsa ga wata kaka daga Tawa

Wata Hajiya daga Tawa ta aiko da tambaya. Ta ce ɗiyarta ta zo gida goyon ciki, ta sauka lafiya, an samu namiji. Da ungozoma ta miƙo mata jaririn, sai bakinta ya kubce ta ce, "Alhamdu lillahi, haihuwa maganin mutuwa." Ɗanta da ya yi karatun addini ya ce ta yi istigfari, don mutuwa ba ta da magani. Tana so ta san ko ta yi saɓo.

Hajiya, barka da arziki. Allah ya raya shi bisa sunna, ya ba mai jego lafiyar shayarwa.

Ki kwantar da hankalinki. Ɗanki ya faɗi gaskiya, kowane rai zai ɗanɗani mutuwa, amma ya ɗauki kalmar magani da ma'ana guda, alhali Bahaushe ya ba ta fiye da haka. In an ce "haƙuri maganin zaman duniya", ba a nufin haƙuri zai warkar da duniya. Ana nufin da shi ake iya ɗaukar nauyinta. In an ce "kare maganin zomo", nufi shi ne abin da ke iya tsaya masa. To haka wannan ma. Wanda ya haifa zai mutu, sai dai gidansa ba zai mutu ba, sunansa ba zai ɓace ba, kuma ya bar mai ɗaga hannu ya roƙa masa gafara. Wannan na ƙarshe shi ne abin da hadisin da Muslim ya ruwaito ya ambata: aikin ɗan Adam yana yankewa in ya rasu, ban da sadaka mai gudana, da ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a.

A ganina ma maganar ta fi dacewa da bakin kaka fiye da na kowa. Uwa da uba sun ga haihuwa sau ɗaya. Ke kin ga wadda kika haifa ta haifa, wato kin ga da idonki zuriya ta ƙetare ki tun kina raye. Allah da kansa ya lissafa wannan cikin ni'imominsa a Suratun Nahli, aya ta 72, inda ya ambaci ƴaƴa da jikoki tare. A Suratu Hudu kuwa, aya ta 71, an yi wa matar Annabi Ibrahim bushara da Ishaƙa, a bayan Ishaƙa kuma da Yaƙuba. Tsohuwa ce da ba ta taɓa haihuwa ba, aka haɗa mata albishir na ɗa da na jika a lokaci guda. Duk sa'ad da na karanta ayar nan sai na tuna fuskokin tsofaffinmu ranar suna.

Akwai kuma dalilin da ya sa murnar ta fito daga bakinki ba daga na ɗiyarki ba. A al'adarmu ana kunyar ɗan fari. Uwarsa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa gaban mutane, uban ma haka. Kaka ce aka kwance wa harshe. Ita ke rangaɗa guɗa, ita ke kiran jariri "angona" ko "maigidana", in mace ce ta ce "ga kishiyata ta iso". Kaka namiji kuwa ya ce an kawo masa amarya. Duk son da iyaye suka haɗiye, ta bakin kaka yake fita. Saboda haka in rana ta bakwai ta zo, an yanka rago, an raɗa suna, wanzami ya yi aski, kada ki rage komai daga murnarki.

Wani ɗalibi daga unguwar Bukoki a Yamai ya tambaya ko jika na ɗan ɗa da jika ta kuɗi kalma ɗaya ce, don ya ji ana cewa jika dukiya ne.

Ba ɗaya ba ce, rubutun boko ne ya haɗa su, saboda ba ma nuna tsawon wasali. Jika na haihuwa ana jan "ji" ɗinsa, jam'insa jikoki, macen kuma jikanya. Na kuɗi kuwa gajere ne, wasu su ce jikka, a Kano su ce jaka, jam'insa jikkuna ko jakunkuna. Asalinsa buhun da ake zuba wuri ne a zamanin da ake ciniki da shi. A nan Nijar jikka ta zauna a kan dala 200, wato sefa 1000. Ga kuma jiƙa mai ƙugiya, ta jiƙa gero, wadda ba ruwanta da su biyun.

Tun da Hajiya ta ce "ɗiyata", bari in ƙara wannan. Mutanen Adar, wato yankin Tawa, da ke cewa ɗiya ba su karkace ba. Masana harshe sun nuna cewa ƴa ta daidaitacciyar Hausa daga ɗiya ta samo asali, furucin ne ya taƙaita. Tsohuwar siffar ce ta tsaya a bakin Adarawa da Gobirawa da Sakkwatawa.

Sai tambaya ta ƙarshe, daga wani dattijo a Yamai: me ake kiran ɗan jika? Tattaɓa-kunne ake ce masa. Bayanin da na fi ji daga bakin manya shi ne, kafin mutum ya kai ga ganinsa tsufa ya ci ƙarfin idonsa, sai an aza masa yaron a cinya ya lalluba, ya tattaɓa kunnensa, ya sa masa albarka. Baba, in kai ne ka samu wannan ƙaruwa, barka. Allah ya raya, ya kuma nuna wa Hajiyar Tawa nata.