Amsa ga uwar yaron da ke suma a filin ƙwallo

'Yar'uwa, na karanta tambayarki: ɗanki mai shekara 13 ya yanke jiki ya faɗi sau biyu ana tsakiyar ƙwallo, an yi masa gwajin bugun zuciya na ECG an ce lafiya ƙalau, kina so ki san ko zai iya komawa fili. Ni ba likita ba ce, amma na ga irin wannan a kan 'yata, shi ya sa na kasa yin shiru.

Ki lura da lokacin da suman yake zuwa. Yaron da ya gama gudu ya tsaya, jiri ya kwashe shi, daban yake da wanda ya zube ana cikin gudun. Wannan na biyun likitocin zuciya ba sa wasa da shi. Tawa tana shekara 11 ta fara, a wajen tsere. Da yake jikinta ya yi ta fizga, sai aka ce farfaɗiya ce, ta fi shekara tana shan maganin da ba nata ba. Har yau in na tuna raina yana sosuwa. Ashe bugun zuciyarta ne ke rikicewa, jini ya daina isa ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci.

Sunan ciwon nata CPVT, wato rikicewar bugun zuciya da motsa jiki ke tayarwa. Gadonsa ake yi, yana samun kamar mutum ɗaya cikin 10,000. Sharrinsa shi ne in yaro yana kwance a natse, ECG ba ya nuna komai, hoton zuciya ma haka, don ginin zuciyar lafiya yake, wutar da ke sarrafa bugun ce ke da matsala. Sai da aka ɗora ta kan injin gudu da wayoyi manne a ƙirjinta, bugun ya yi sama, sannan abin ya bayyana. Wannan gwajin na motsa jiki za ki nema, wajen likitan zuciya na yara in da hali. Akwai kuma wani ciwon makamancinsa da ake kira Long QT, wanda ya fi yawa, kusan ɗaya cikin 2,000. Wani nau'insa iyo ne ke tayar da shi, wani kuma firgita, ko da ƙarar agogo ce da asuba.

Kafin ki je, ki tambayi dattawan gida, ɓangarenki da na mahaifinsa: akwai wanda ya rasu farat ɗaya da ƙuruciyarsa, ko ya nutse alhali ya iya ruwa? Mu sai a lokacin mijina ya tuna da ƙanensa. Galibi in uwa ko uba na ɗauke da ciwon, yiwuwar kowane ɗa ya gaje shi rabi-da-rabi ce, don haka duk gidan aka gwada mu.

Kada hankalinki ya tashi, akwai magani. Nadolol take sha, daga baya aka ƙara mata flecainide, yau shekara shida ba ta sake faɗuwa ba. Sharaɗin kawai kada a tsallake ko kwana ɗaya, kuma a nan ne muke yawan faɗa da ita. Ni da babanta mun koyi danna ƙirji don ceton gaggawa, malamanta ma sun san halin da take ciki.

Shi dai yaron ki dakatar da shi daga ƙwallo da iyo har likitan zuciya ya gan shi. Zai yi fushi, tawa ma kwana uku ta yi ba ta kula ni ba.